Daga Maroko Zuwa Otodo Gbame: Yadda Talakawan Legas Suka Koyi Kare Matsuguninsu

A watan Yulin 1990, gwamnan soja na Jihar Legas, Kanar Raji Rasaki, ya ba mazauna unguwar Maroko wa'adin kwana bakwai su tattara komatsansu. Da wa'adin ya cika, motocin rusau suka baje gidajen mutane kimanin 300,000. A yau manyan gidajen masu hannu da shuni ne a filin. Mutanen Maroko sun garzaya kotu, amma shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, su kuwa tuni sun watse.

Abin da ya sami Maroko ya zame darasi ga sauran unguwannin marasa galihu na birnin. A watan Yulin 2012, hukuma ta ba masunta na Makoko, waɗanda gidajensu ke bisa ruwa, sa'o'i 72 kacal, ta kuma rushe wani sashe na unguwar. Wannan karon jama'a ba su watse ba. Sun yi tattaki zuwa ofishin gwamna, sannan suka haɗa kai da lauyoyi da masana tsara birane, suka rubuta nasu tsarin gyaran unguwar, suka miƙa wa gwamnati a 2014. Da haka suka nuna cewa su ma suna da abin faɗa game da makomar birnin.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a Oktoban 2016, lokacin da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sanar da aniyar rushe unguwannin bakin ruwa. Sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, unguwanni fiye da goma suka shigar da ƙara tare. Duk da haka aka kori mutum wajen 30,000 daga Otodo Gbame tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017. A ranar 21 ga Yunin 2017, Babbar Kotun Legas ta yanke hukuncin cewa korar mutane ba tare da sanarwa da tanadin wani matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki, ta kuma umarci gwamnati ta zauna da su.

Hukuncin bai maido wa mutanen Otodo Gbame gidajensu ba. Amma abin da babu shi a 1990 ya samu: takardar kotu da ke tilasta wa mai mulki sauraron talaka kafin ya taɓa muhallinsa. Aikin da ya rage shi ne sa hukuma ta mutunta takardar.