Daga Perry Mason zuwa Kuliya: ina lauya a shari'armu ta dā?

Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta da wasan Kuliya Manta Sabo da ake nunawa a talabijin daga Kano ba. Alƙali na zaune, muhuti na gefe, mai ƙara da wanda ake ƙara suna durƙushe, kowa na faɗin ta bakinsa. Turawa ma suna da irin nasu, Perry Mason, wanda aka yi a Amurka daga 1957 zuwa 1966. Raymond Burr ne ke fitowa a lauyan da ke kare wanda aka ɗora wa kisan kai, ya yi ta matsa wa shaidu da tambaya har mai laifin gaskiya ya tona kansa. A nasu lauya ne gwani, a namu kuwa alƙali ne, kuma tarihi ne ya jawo haka.

Mu da iyayenmu suka taso daga ƙasar Katagum mun san tun zamanin Malam Zaki shari'a a hannun alƙali da sarki take, kuma haka aka ci gaba bayan an maido da sarauta Azare a 1916. Dokar Turawa ta hana lauyoyi shiga kotunan En'e. Amma fa kada yara su ɗauka wanda ake tuhuma ba shi da kariya. A mazhabar Malikiyya ba a kashe mutum sai da iƙirarinsa, ko shaidu biyu adalai, ko rantsuwar ƙasama hamsin idan akwai alama mai ƙarfi. Kafin hukunci sai an yi i'izari, wato alƙali ya tambaye shi ko yana da sauran hujja ko sukar shaidu. Waliyyan mamaci kuma suna iya yafewa ko su karɓi diyya. Duk wannan yana cikin littattafan da alƙalanmu ke karantawa, irin su Tuhfa.

Wata shari'ar kisa ce ta fara girgiza tsarin. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Sarakuna da alƙalai ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Aka yi ta ja-in-ja har aka kawo Final Kod a 1960, sannan mulkin soja ya rushe kotunan sarakuna, kotunan yanki suka maye gurbin na En'e a 1968. A lokacin ne shari'ar kisa ta koma babbar kotu, inda lauya ke tsayawa.

Abin da ke damunmu a zangon nan shi ne har yau akwai masu cewa ɗaukar lauya sayen ƙarya ne, sai a bar yaro ya shiga kotu shi kaɗai, cikin harshen da ba ya ji sosai. To, fiƙihu ya san wakili a shari'a, babin wakala guda ne a littattafanmu. Abin da aka hana shi ne kare ƙaryar da ka san ƙarya ce. Kotun da muke zuwa yau ba irin ta Kuliya ba ce: alƙalinta sauraro yake yi, sukar shaida kuwa aikin lauyanka ne, in ba ka da shi sai ka yi da kanka.