Ƙuri'ar Mai Bi Da Jam'iyyun Siyasa

Karatu: Matiyu 22:15-22

Gaisuwa ta musamman ga masu bi na Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa.

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato, akwai tambayar da takan taso a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada: tun da mu Katolika ba mu da yawa a nan, ashe bai fi mana mu haɗa kai mu bi jam'iyya ɗaya ba? Mai wannan tambaya yana tunanin filin gina majami'a ne, da makabarta, da aikin 'ya'yansa. Kafin mu amsa masa, bari mu waiwayi tarihi.

A zamanin mulkin Turawa, NPC mai fartanya ce jam'iyyar masu sarauta, NEPU kuwa, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta talakawa ce. Kiristocin Arewa ma sun gwada tasu. A 1949 suka kafa ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba, daga cikinta jam'iyyar MZL ta fito, da Fasto David Lot cikin shugabanninta, a 1955 kuma ta shiga cikin UMBC. Da soja suka karɓi mulki a 1966, sai aka rushe su duka.

A 1979 ƙasarmu tana cikin Jihar Kano tukuna. PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihar, Abubakar Rimi ya zama gwamna, Sule Lamido ɗan Bamaina ta Birnin Kudu ya tafi majalisar wakilai. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta dāre biyu, santsi da taɓo, abokan jiya suka juya wa juna baya. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka sake share fagen.

Ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, a Janairun 1992 kuma ɗan garin nan, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ya zama gwamnanta na farar hula na farko, a SDP mai alamar doki. Ran 12 ga Yuni 1993 Kiristoci masu ɗimbin yawa suka zaɓi Abiola da Kingibe, dukansu biyu Musulmi, Kanawa kuma suka fifita Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa. Aka soke zaɓen, kafin ƙarshen shekara kuwa babu SDP, babu NRC. Daga 1999 Jigawa ta bi masara, a 2007 ta shiga lema, a 2015 ta ɗauki tsintsiya.

To, 'yan'uwa, da a ce iyayenmu sun ɗaura Ikkilisiya a wuyan dokin nan, yau da ina muke? A cikin waɗannan shekaru ne Ikkilisiyar Katolika ta Kano, wadda Jigawa take ƙarƙashinta, ta tashi daga mishan a 1991 ta zama cikakkiyar dayosis a 1999. Jam'iyyu suna zuwa suna wucewa, ana nan ana yi wa 'ya'yanmu baftisma.

A Turai ma an gani. Katolikan Jamus sun kafa jam'iyyarsu, Zentrum, a 1870 domin su kāre kansu. A watan Maris 1933 wakilanta suka goyi bayan dokar da ta ba Hitler cikakken iko, suna zaton za su tsira da makarantunsu da majami'unsu. A Yulin shekarar jam'iyyar ta rushe, aka bar masu bi da kunya.

Saboda haka Majalisar Vatican ta Biyu ta koyar a 1965 cewa Ikkilisiya ba a ɗaure take da wani tsarin siyasa ba, masu bi kuma suna iya saɓa wa juna a kan sha'anin duniya, kada dai wani ya ce ra'ayinsa shi ne na Ikkilisiya. Dokar Ikkilisiya ta 1983 ta hana firistoci riƙe muƙamin mulki. Mun san Fada Moses Adasu ya yi gwamnan Binuwai a 1992, amma da Fada Hyacinth Alia ya fito takara a 2022, bishop nasa na Gboko ya dakatar da shi daga hidima a bainar jama'a.

Wannan hani na firistoci ne. Ku malaman makaranta, da manoma, da 'yan kasuwa, ƙofa a buɗe take. Mai bi yana iya yankar katin jam'iyya, har ya tsaya takara, da sunansa da lamirinsa. Abin da ba shi da iko ya yi shi ne ya kai sunan majami'a gidan ɗan takara ya ce ga ƙuri'unmu duka. Ran da aka san mu da jam'iyya ɗaya, in ta faɗi mun faɗi, in ta ci ta raina mu, maƙwabcinmu Musulmi kuma, wanda muke shan ruwan rijiya ɗaya da shi, zai riƙa ganin tuta a kan rufin majami'armu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A karatunmu Farisiyawa da mutanen Hirudus, ɓangarori biyu da ba sa ga maciji, suka haɗa baki su kama Yesu da maganar haraji. Ya sa aka nuna masa kuɗin, ya tambayi surar wanda take kai, bai kuwa shiga ɓangaren kowa ba. Kuɗin yana ɗauke da surar Kaisar, mu kuwa cikin surar Allah aka halicce mu. Saboda haka mu duba ɗan takara: yana da gaskiya? Asibiti da rijiya da makaranta sun dame shi? Zai yi adalci ga Musulmi da Kirista? Mu fita mu jefa ƙuri'a, kada mu sayar da ita a kan taliya ko atamfa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba shugabanninmu tsoronka, ka ba mu lamiri mai tsabta, ka zaunar da Birnin Kudu da Gwaram lafiya, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.