Loton Gwamnati da Kuɗin Makaranta: Tarihi daga Nima da Maamobi

Duk wasan da mutum zai zuba kuɗi ya koma gefe yana jiran sa'a, Bahaushe caca yake ce masa, kuma ba sunan yabo ba ne. Amma akwai wata caca da gwamnatoci ke gudanarwa da hannunsu, wadda a Ghana ake kira loto. Hujjar da aka saba bayarwa a kanta ita ce ribar za ta koma ga jama'a, a gina asibiti, a gyara hanya, a sa yara makaranta. Ghana ta shafe fiye da shekara 60 tana wannan harka, kuma rumfunan sayar da tikiti sun bazu a birnin Accra har zuwa unguwannin zango irin su Nima da Maamobi, inda akasarin mazauna Musulmi ne masu ɗaukar caca haramun. Tarihin wannan loto yana nuna irin nisan da ke tsakanin sidin da talaka ya miƙa a rumfa da bencin da ɗansa ke zama a aji.

Asalin unguwannin

Zango a Hausa shi ne wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro su ne suka kai kalmar ƙasar da ake kira Ghana a yau, kuma bayan da kasuwar Salaga ta durƙushe a ƙarshen ƙarni na 19, da yawansu suka gangara kudu. A Accra, Malam Naino, mutumin Katsina, ya samu fili daga hannun sarakunan Ga ya kafa zango, ɗansa Malam Bako kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya samu izinin zama a wurin daga dangin Ga masu ƙasar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa unguwar ta cika da leburori da tsofaffin sojoji da baƙi daga arewacin ƙasar, da Nijar, da Nijeriya, da Mali, da ƙasar Mosi. Maamobi ta tashi a gefenta, Hausa kuwa ta zama harshen da ya haɗa kowa.

Da yake unguwannin sun girma ba tare da tsarin hukumar gari ba, sun daɗe suna fama da ƙarancin ruwa da magudanai da makarantun gwamnati. Saboda haka duk maganar da za a yi a kan inda kuɗin ilimi ke fitowa ta shafe su kai tsaye.

Yadda loto ya fara

Ghana ta samu 'yanci a 1957. A 1958 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa sashen kula da loto na ƙasa, a 1960 aka yi dokar loto da caca, sannan a 1962 aka fara wasan mako-mako wanda har yau ake fitar da lambobinsa ran Asabar. Manufar da aka bayyana ita ce tara kuɗin raya ƙasa ba tare da ƙara wa mutane haraji ba.

Tsarin wasan ya girmi Ghana da ƙarnuka. A birnin Genoa na Italiya an kasance ana zaɓen mutum 5 ta hanyar ƙuri'a daga cikin jerin 'yan takarar majalisa, jama'a kuma suna caca a kan sunayen da za su fito. Daga baya aka maye sunaye da lambobi, daga 1 zuwa 90. Haka yake a Accra har gobe: ana juya ƙwallaye 90 a cikin na'ura, a fitar da 5. Mai wasa yakan zaɓi lamba biyu ko uku ko fiye, ya biya, a ba shi tikiti. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ƙara wasanni har kusan kowace rana ta samu nata, kuma a yanzu ana iya sayen tikiti ta wayar salula.

Ribar gwamnati a cikin lissafi take. Wanda ya zaɓi lamba biyu, damar fitowarsu duka a cikin biyar ɗin nan ita ce sau 1 cikin kusan 400. In ya ci, ana ninka masa kuɗinsa sau 240. Ma'ana, idan mutum 400 suka sa sidi ɗaya ɗaya, sidi 240 ne ke komawa ga wanda ya dace, saura 160 su tsaya a hannun masu wasan. Wanda ya zaɓi lamba uku, damarsa 1 ce cikin 11,748, ladansa kuwa ninki 2,100 ne, wato abin da ke komawa ga masu saye bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Cin duka biyar ɗin kuwa sau 1 ne cikin kusan miliyan 44. Ba a bukatar maguɗi kafin mai gida ya ci riba. Duk da haka akwai masu sana'ar hasashe, waɗanda ke cika allo da lambobin da suka fito a shekarun baya suna neman wata ƙa'ida a cikinsu, alhali ƙwallon da ya fito jiya bai san abin da zai fito yau ba.

Inda ribar ke zuwa

Daga abin da ya rage ake biyan ladan masu rumfuna, da albashin ma'aikata, da kuɗin na'urori da talla. Abin da ya tsira bayan wannan shi ke shiga babban asusun gwamnati, wanda duk haraji ke taruwa a cikinsa. Da zarar ya shiga, ya gauraya da kuɗin kwastan da na ma'adinai, kuma majalisa ce ke raba shi a kasafin shekara. Dokar Ghana ba ta ware wani kaso na ribar loto ta ce na makarantu ne ba.

Ko wannan ribar ma gwamnati ta sha yin kokawa a kanta. A 1989, zamanin mulkin Jerry Rawlings, aka ba 'yan kasuwa damar gudanar da nasu loton. A gefe guda kuma ga masu wasan bayan fage, waɗanda ake kira banka-tu-banka: suna karɓar kuɗin mutane, su jira lambobin da gwamnati za ta fitar, su biya wanda ya ci daga aljihunsu, baitulmali bai ga ko kwabo ba. A 2006 majalisa ta yi sabuwar doka mai lamba 722, wadda ta kafa Hukumar Loto ta Ƙasa, NLA, ta kuma mayar da harkar hannun gwamnati ita kaɗai. Ƙungiyar masu loto masu zaman kansu ta kai ƙara, amma a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar. Daga baya hukumar ta koma ba wasunsu lasisi, don ta lura hana su bai yiwu ba.

Dokar 2006 ta ambaci marayu da tsofaffi da masu naƙasa da mabukata a cikin waɗanda ya kamata su amfana. A 2021 hukumar ta buɗe gidauniyar ayyukan alheri, wadda ilimi ke cikin fannoninta tare da lafiya da wasanni da al'adu. Irin wannan taimako yana da amfani ga wanda ya same shi, sai dai kyauta ce da shugabannin hukuma ke zaɓen inda za ta je. Shugaban makaranta ba zai iya dogara da ita ya tsara shekararsa ba.

Darasi daga Amurka

A Amurka ne aka fi ɗaura loto da makaranta a rubuce. Jihar New Hampshire ta fara nata a 1964 da niyyar tallafa wa ilimi, New York ta biyo a 1967. A 1984 mutanen California suka amince da loto ta ƙuri'ar raba gardama, bisa sharaɗin kashi 34 cikin 100 na cinikin zai tafi makarantu. Bayan shekaru masu yawa, abin da loton ke bayarwa bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin da jihar ke kashewa a makarantunta ba. A Georgia, gwamna Zell Miller ya kafa tallafin karatu mai suna HOPE a 1993 da kuɗin loto, kuma ɗalibai masu yawa sun shiga jami'a ta dalilinsa. Amma a 1995 aka cire sharaɗin ƙarancin samun iyaye, ya zama sakamakon jarrabawa kaɗai ake dubawa. Masu suka sun daɗe suna cewa talakawa ne suka fi sayen tikiti, 'ya'yan masu hali kuma su suka fi cin tallafin.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Idan loto ya kawo wa ma'aikatar ilimi miliyan goma, babu abin da zai hana 'yan majalisa su rage miliyan goma daga abin da suka saba ba ta, su kai wani wuri. A takarda an cika alkawari, a aji kuwa babu abin da ya ƙaru. Wannan ke nan a ƙasar da doka ta ware kuɗin, balle inda ba ta ware ba.

Abin da ya gina makarantun Ghana

Wanda ya bi sawun manyan matakan ilimi a Ghana zai tarar kowanne da inda kuɗinsa ya fito. A ƙarshen shekarun 1950 Nkrumah ya kafa asusun amana na ilimi da kuɗin hukumar cinikin koko, aka gina makarantun sakandare fiye da 20 a faɗin ƙasar. Ɗaya daga cikinsu ita ce sakandaren 'yan mata ta Accra Girls, wadda aka buɗe a 1960, tana nan a gefen Maamobi. Gumin manoman koko ne ya gina ta. Dokar ilimi ta 1961 ta wajabta karatun firamare kyauta, tsarin mulkin 1992 kuma ya sake tabbatar da wannan haƙƙi.

A 2000 aka kafa asusun GETFund, aka ware masa kashi 2.5 cikin 100 daga harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, don gina azuzuwa da ɗakunan kwana da ba da tallafin karatu. A watan Satumba na 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta fara karatun babbar sakandare kyauta, kuma kuɗin man fetur na cikin abin da aka dogara da shi. Koko da haraji da fetur ne suka ɗauki wannan kaya. Da gwamnati ta so ta tanadar wa ilimi kuɗin da ba ya yankewa, haraji ta nufa, domin cinikin loto yana hawa yana sauka, kuma ranar da lambobin da jama'a suka fi so suka fito, hukumar kanta takan sha wuyar biyan waɗanda suka ci.

Zango tsakanin allo da boko

A bakin mutanen zango, makaranta ita ce ta allo da littattafan addini. Iyaye da yawa sun daɗe suna ɗari-ɗari da karatun boko saboda yawancin makarantun farko na mishan ne, suna tsoron a sauya wa 'ya'yansu addini. Wannan ya jawo zango ya makara wajen samun ma'aikatan gwamnati da likitoci da lauyoyi. Babban sauyi ya zo a 1987, lokacin da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana. Makarantun da malamai suka kafa da kuɗin sadaka da gudummawar iyaye suka samu damar shiga tsarin gwamnati: a koyar da Larabci da addini tare da Turanci da lissafi, gwamnati kuma ta turo malamai ta biya su. A 2017 aka ƙara da dokar asusun raya zango, wanda ilimi ke cikin ayyukansa, shi ma daga kasafin gwamnati.

A nan ne maganar loto ke da nauyi na musamman. Alƙur'ani ya yi hani ga caca a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, inda ya haɗa ta da giya, kuma malaman zango ba su sassauta ba don gwamnati ce ke riƙe da na'urar. Da a ce Ghana ta bi tsarin Georgia, da uba a Nima ya fuskanci tambaya mai wuya: ko ya halatta ɗansa ya yi karatu da kuɗin da kowa ya san na caca ne? Shigar ribar cikin babban asusu ta rage kaifin wannan tambaya, amma ita ce kuma ta sa ba wanda zai iya nuna aji ɗaya ya ce tikitin Maamobi ne ya gina shi.

Hani bai hana wasu saye ba. Rashin aiki da tsadar haya sukan sa matashi ko ɗan dako ya ga sidi biyu ba komai ba ne in za su iya zama 480. A hankali ƙananan kuɗin nan suke barin unguwa kowace rana, alhali su ne kuɗin littafi da takalmi da abincin rana na ɗan makaranta. Wannan ya sa masana tattalin arziki ke kiran loto harajin da ya fi nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi, ko da yake ba a tilasta wa kowa biyansa. A 2023 gwamnati ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da mutum ya ci a caca da loto, matasa suka yi ta ƙorafi, gwamnatin John Mahama ta soke shi a 2025.

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, sun kuma ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai sayen tikiti yakan kafa hujja da karin magana na biyu, malaminsa kuma ya tuna masa na farko. Lissafin dai a fili yake: a cikin kowane sidi 400 da aka zuba a kan lamba biyu, 160 ba sa dawowa. Mazaunin Nima da ke son sanin ko ɗansa zai samu benci da malami a shekara mai zuwa, amsarsa tana cikin kasafin da majalisa ke zartarwa da kuma abin da ya isa asusun GETFund, kuma waɗannan su ne abin da yake da ikon tambayar ɗan majalisarsa a kansu.