Daga Lido Zuwa Akwatin Sa'a: Tarihin Sa'a A Wasannin Waya

Duk gidan da muka shiga a unguwanninmu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan, da wuya mu rasa yaron da ya duƙufa kan waya yana buga gem. Kukanmu a kai bai wuce ɓata lokaci da cinye caji ba. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: wa yake yanke abin da zai faɗo wa yaron a cikin wasan, kuma don amfanin wa? Tarihin wasannin nan yana da amsa.

Mu fara da abin da muka sani. A dara babu sa'a, wanda ya fi iya lissafi shi ke ci, shi ya sa ɗan koyo ba ya daɗewa a gaban gwani. Lido kuwa daban yake. Asalinsa wasan Pachisi ne na ƙasar Indiya, a 1896 aka yi masa rajista a Ingila da sunan Ludo. Ɗan lido mai fuska shida shi ke ba jika damar cin kakansa, kuma shi ke hana wasan yau ya zama irin na jiya. Wannan ita ce ƙa'idar farko da masu tsara wasannin kwamfuta suka gada: sa'a tana daidaita gwani da ɗan koyo, tana kuma hana wasa gundura.

Sai dai sa'a tana da wata fuskar. A ƙarshen shekarun 1890 wani makaniki mai suna Charles Fey ya ƙera na'urar caca a birnin San Francisco na Amurka. Mutum zai jefa kwabo ya ja hannunta, faifai uku su juya, idan hoton ƙararrawa uku suka jeru ya ci. A tsakiyar ƙarni na 20 masanin halayyar ɗan Adam B.F. Skinner ya bayyana dalilin da ya sa irin wannan na'ura take riƙe mutane. Ya gwada tattabaru da ɓeraye, ya ga cewa dabbar da ake ba abinci a lokacin da ba ta zata ba ta fi nacewa kan danna maɓalli, kuma ta fi daɗewa tana dannawa ko bayan an daina ba ta. Shi da kansa ya kwatanta wannan da halin ɗan caca.

A shekarar 1984 hanyoyin nan biyu suka fito fili. A birnin Mosko, Alexey Pajitnov ya ƙirƙiri Tetris a cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Tarayyar Sobiyat. Siffofi bakwai ne ke faɗowa daga sama, ba ka san wadda za ta biyo baya ba, aikinka shi ne ka jera su. Sa'a ke kawo matsalar, basirarka ke warware ta. Daga baya ma masu Tetris suka rage wa sa'ar ƙarfi: sai a zuba siffofin bakwai kamar a jaka, a riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare kafin a sake zubawa. Da wannan tsari, doguwar sandar nan da kowa ke jira ba za ta taɓa ɓacewa fiye da siffofi 12 a jere ba.

A wannan shekarar dai, a Amurka, aka ba Inge Telnaes rajistar wata dabara ta na'urar caca. Kwamfuta ce take zaɓar sakamako a ɓoye, faifan da ɗan wasa yake kallo suna nuna abin da aka riga aka yanke ne kawai. Hakan ya ba da damar na'ura ta riƙa nuna kamar cin babbar kyauta ya fi sauƙi fiye da yadda yake a gaskiya. Masu Tetris sun gyara sa'a don kada a zalunci ɗan wasa, masu na'urar caca sun gyara ta don ya ƙara zuba kuɗi.

Sai wasa ya shigo aljihu. A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy, Tetris kuma ya zama wasan da aka fi saninsa da shi. A 1997 Nokia ta sa wasan maciji a wayarta 6110, wanda Taneli Armanto ɗan ƙasar Finland ya tsara. Da wayar salula ta iso Najeriya a 2001, da yawanmu a kan Nokia 3310 muka fara buga gem. Macijin ya koyar da ƙa'idar wasan waya: a fahimce shi ba tare da bayani ba, a buga shi da babban yatsa ɗaya, a iya ajiye shi idan mota ta zo. Sa'ar da ke cikinsa ita ce wurin da abincin macijin zai ɓullo. Ba ya neman ko sisi, domin an riga an biya kuɗinsa a cikin kuɗin wayar.

Abin ya sauya bayan Apple ya buɗe kasuwar manhajojinsa a 2008, ya kuma yarda a 2009 a riƙa sayar da kaya a cikin manhajar da aka sauke kyauta. Daga nan ribar mai wasa ta koma kan yawan dawowarka da yawan sayenka. Candy Crush Saga ya fito a 2012: rai biyar ake ba ka, idan suka ƙare ka jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, ko ka biya. A 2016 aka kammala sayen kamfanin King da ya yi shi a kan dala biliyan 5.9. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A nan ne rigar da ake sa wa wasa take shigowa, wato duniyar da aka ɗora shi a kai. A Disambar 2012 aka fitar da Monopoly na birnin Legas. Dokokinsa ba su canja ba, amma da aka mai da Banana Island fili mafi tsada, Makoko mafi araha, sai mutumin Legas ya ji wasan nasa ne. Riga tana sa wasa ya shiga rai, tana kuma iya ɓoye abin da ke ƙarƙashinta. Uban da zai ƙwace waya idan ya ga karta ko faifan caca ba zai ce komai ba idan ya ga alewa ko 'yan ƙwallo.

Misali mafi kusa da mu shi ne FIFA, wanda samarinmu ke bugawa a gidajen gem. A 2009 kamfanin EA ya ƙara masa sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin 'yan wasa a rufe, sai an buɗe a ga wanda aka samu. Irin wannan shi ne akwatin sa'a, kuma ya cika wasannin waya. Gwamnatoci sun fara farga. A 2012 Japan ta hana wani nau'insa da ke sa mutum ya yi ta saye har sai ya haɗa jerin kaya. A 2017 Sin ta wajabta bayyana yiwuwar samun kowace kyauta, Apple ya bi sahu a ƙarshen shekarar, Google kuma a 2019. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatin da ake saye da kuɗi caca ce, har EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019.

To mene ne namu a ciki? Hana yara gem gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma Tetris ko lidon waya ba su ne abin tsoro ba. Tarihin nan ya ba mu ma'auni mai sauƙi. Mu zauna da yaron mu kalli wasan tare, mu duba: idan ya faɗi, ƙwarewa ake nema ya ƙara ko kuɗi? Idan ya biya, ya san abin da zai samu kafin ya biya? Idan bai sani ba, duk kyan rigar da aka sa wa abin, mun san sunansa tun muna yara. Sannan mu tabbata katin bankinmu ba ya maƙale da wayar da muke miƙa musu, mu sa lambar sirri a kan duk wani saye.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon kula da amanarsu.