Daga Ƙirgen Haraji Zuwa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa

A wannan mako za mu leƙa tarihin wata hukuma da muke jin sunanta a rediyo kusan kowane wata, musamman idan ana maganar tsadar rayuwa, wato Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NBS.

Ƙirga jama'a a ƙasar nan ya girmi hukumar nesa ba kusa ba. Tun 1866 Turawa suka ƙirga mutanen Legas. A Arewa kuwa, bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903, ƙirgen da talaka ya sani shi ne na haraji da jangali. Dagaci da mai unguwa su rubuta maza baligai, a ƙirga shanun makiyaya, kowa ya biya gwargwadon abin da aka rubuta masa. Wannan ya koya wa mutane ɓoye kansu da dabbobinsu idan sun hango mai takarda da alƙalami.

A 1928 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe ɗan ƙaramin sashen ƙididdiga a sakatariyarta, a 1947 ya zama cikakken sashe, a 1957 aka yi masa doka. Daga baya ya koma Ofishin Ƙididdiga na Tarayya, wato FOS. Shi ne aka haɗe da Rumbun Bayanai na Ƙasa aka samar da NBS, dokar ƙididdiga ta 2007 kuma ta ba ta ikon da take aiki da shi a yau.

Da siyasa ta shigo, sai reshe ya juya da mujiya. Kujerun majalisa da rabon arziki suka dogara da yawan jama'a, kowane yanki ya koma son a ce shi ya fi yawa. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 ta ba da mutum miliyan 55.6 cikin gardama mai zafi, ta 1973 ita ma aka soke ta. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi a rubuce-rubuce: ƙidayar jama'a a yanzu aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, wato NPC. Ita ta yi ta 1991 da ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya. Ta 2023 an ɗage ta, don haka adadin 'yan Najeriya da muke rubutawa ƙiyasi ne da aka ɗora a kan na 2006.

Aikin NBS shi ne auna yadda jama'ar ke rayuwa. Ma'aikatanta na shiga kasuwannin jihohi su ɗauki farashin shinkafa, masara, wake, fetur da kuɗin mota, daga nan a fitar da hauhawar farashi na wata. Tana kuma auna ƙarfin tattalin arziki, rashin aikin yi da talauci. Rahotonta na 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talauci ta fuskoki da dama, kamar rashin ilimi, lafiya da tsaftataccen ruwa, kuma kashi 65 cikin 100 na waɗannan mutane a Arewa suke.

Sai dai alƙaluma kan sauya idan an sauya mudun awo. A watan Afrilun 2014, zamanin Yemi Kale, hukumar ta sabunta shekarar da take gina lissafi a kai daga 1990 zuwa 2010, ta ba harkar sadarwa da ta finafinai nauyin da ya dace da su. Tattalin arzikin Najeriya ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu, alhali ba ko sisi da ya ƙaru a aljihun kowa ranar. Rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, amma a farkon 2023 ya koma kashi 4.1, saboda sabon ma'aunin yana lissafa duk wanda ya yi sana'ar awa ɗaya a mako cikin masu aiki. Haka hauhawar farashi ya sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025 bayan an sabunta lissafi, ba don tiyar shinkafa ta yi arha ba.

Marubucin da ya jera 33.3 da 4.1 ya ce an samar wa matasa aiki ya yaudari mai karatu, ko da bai yi niyya ba. Kafin ka saka adadi a maƙala ko a bakin tauraron labarinka, ka tabbatar da wace hukuma ta fitar da shi, a wace shekara, kuma da wane ma'auni. Ka rubuta shekarar kusa da adadin, domin wani zai karanta ka bayan shekara goma ya kafa hujja da kai.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa.