Kafin Ka Nufi Kemis Da Ciwon Haƙori

Jiya wani abokin aikina ya shigo ofis riƙe da kumatu. Haƙorin da aka cire wa jijiya aka cike shekara uku da suka wuce ne ya tayar masa. Kwana biyar yana shan Amoxil da Flagyl na kemis, amma shiru kake ji. Shi ya sa na ce bari in ɗan kawo mana tarihin abin.

A 1910 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi lacca a Montreal ta Kanada, ya ɗora alhakin cututtuka da dama kan ruɓaɓɓun haƙoran da ake rufewa da ciko. Daga nan aka shiga cire haƙoran mutane ba ji ba gani, aka kwashe shekaru ana yi.

Masu son ceto haƙori ba su zauna ba. A 1920 Hermann na Jamus ya kawo kalsiyam haidiroksaid, wani farin ƙulli mai zafi irin na kanwa, wanda har gobe ana aiki da shi. A 1951 Louis Grossman a Amurka ya kwaɓa penisilin da wasu magunguna uku ya zuba cikin haƙori. A 1996 masu bincike a Japan suka fito da haɗin magani uku, ciki har da metronidazol, wato dai Flagyl ɗinmu.

Ku lura da abu guda: duk a cikin ramin haƙorin ake zuba su, ba haɗiya ake yi ba. Jini ne ke kai magani inda ciwo yake, shi kuwa haƙorin da aka cire wa jijiya babu sauran jini a cikinsa. Ƙwayoyin cuta na can kwance abinsu, musamman Enterococcus faecalis, wadda ake yawan samu a haƙorin da ciwo ya dawo masa, mai jure wa ƙullin Hermann ɗin ma. Dole likita ya buɗe, ya kwashe tsohon ciko, ya wanke, ya sa magani, ya sake rufewa.

Maganin sha na da ranarsa, idan zazzaɓi ya shigo ko kumburi na yaɗuwa, amma likita ne zai rubuta. In kumburin ya doshi ido ko maƙogwaro, asibiti kai tsaye, kar a kwana.

Shan barkatai kuwa, ƙwayoyin cuta kawai muke koya wa taurin kai, ranar da muke buƙatar maganin ya ƙi ci.

Mutumina dai ya ce Litinin zai ga likita. Allah Ya ba mu lafiya, amin.