Yadda Aka Gano Sirrin Gado a Ƙwayar Halitta, da Rabon Ciwon Sikila a Cikin Tarihin

Duk wanda ya fita daga birnin Sakkwato ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, lalle ne ya ratsa Kwalkwalawa, ƙauyen masunta da manoman fadama da ke gaɓar gulbin Rima. Kuma a cikin ɗaliban da ke bin wannan hanya safe da maraice akwai masu karatun ilmin halittu, waɗanda ake karanta musu a zango guda mas'alar da ta ci wa masana shekara ɗari kafin su warware ta, wato yadda ƙwayar halitta ke karanta abin da ta gada daga iyaye, ta sarrafa shi ya zama furotin, abin da ake gina tsoka da jini da gashi da shi.

Shi dai gado ba baƙon abu ba ne ga magabata, domin makiyayi ya san bijimin da zai bari a garke, manomi ya san zangarniyar da zai ajiye don iri, malaman fiƙihu kuma sun yi bahasi a kan ƙiyafa, wato gane nasaba ta hanyar kamanni. Abin da ya ɓuya shi ne ma'ajiyar wannan gado. A 1866 wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani nau'in wake, inda ya tabbatar da cewa siffofi suna gangarowa ne ɗaiɗai bisa ƙa'ida ta lissafi, rabi daga uba rabi daga uwa. A 1869 Friedrich Miescher ya tsamo wani sinadari daga cibiyar ƙwayoyin mugunya a Jamus, wanda daga baya aka kira shi DNA, amma ba a san fa'idarsa ba sai a 1944, sa'ad da Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka kawo hujjar cewa shi ne mai ɗauke da gadon. A 1953 James Watson da Francis Crick, a Kambirij ta Ingila, suka bayyana surarsa, bayan sun dogara da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin: zare biyu ne murɗaɗɗu, jere da sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A, T, G da C.

To, a nan wata sabuwar mas'ala ta taso, domin furotin sarƙa ce da ake ƙullawa da sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, alhali haruffan DNA huɗu ne kacal. A 1961 aka sami mabuɗi biyu: Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka tabbatar da samuwar wani ɗan aike mai suna RNA, Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei kuma suka fassara kalma ta farko ta wannan rubutu; kafin ƙarshen 1966 an fassara kalmomi 64 duka, kowace mai harafi uku, 61 suna nuna amino asid, uku suna nuna inda za a tsaya. Misalin al'amarin kamar littafi ne na asali a ɗakin malami, wanda ba a fita da shi ko ƙofa, sai dai almajiri ya kwafi babin da ake bukata a allo ya kai wa masu aiki: DNA tana zaune a cibiyar ƙwaya, RNA ita ce kwafin, masu aikin kuwa su ne ribosom, waɗanda ke bin kwafin harafi uku-uku, suna ɗaura kowane amino asid a muhallinsa har sarƙar ta kammala, ta naɗe kanta ta kama aiki. Idan kuwa aka sami kuskuren harafi guda a littafin asali, kowane allo zai ɗauko shi.

Abin lura ga mai karatu shi ne, babbar hujjar farko a kan wannan ƙa'ida ta fito ne daga ciwon da ya addabi gidajenmu, wato sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini. A 1910 likita James Herrick na Shikago ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin Walter Clement Noel, ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da jama'arsa suka ratsa wutar lantarki cikin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, suka ga na mai sikila yana tafiya dabam da na mai lafiya. Sa'an nan tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin duka amino asid ɗaya ne tak: a sarƙar da ke da 146, na shida ne ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Da aka fassara rubutun, sai aka ga dalili: kalmar GAG ce ta koma GTG. Saboda wannan harafi guda, himogulobin yana manne wa juna idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya taso, kuma ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20.

Me ya sa illa irin wannan ta yawaita a ƙasashenmu maimakon ta ƙare? A 1954 Anthony Allison ya ba da amsa daga Gabashin Afirka, cewa wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya kaɗai, wato mai AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka a duk ƙasar da sauro ke hayayyafa, kamar fadamun Rima lokacin damina, masu AS sun fi tsira a ƙuruciya, su girma su bar zuriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ɗauke da wannan harafi, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ciwon kowace shekara. Hisabin Mendel a nan bai canja ba: idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai ciwon, ko da 'ya'yan farko sun zo lafiya.

Yau ilmin ya kai ga gyaran rubutun kansa, domin a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara DNA ta ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu, abin da ba ya cikin ikon talaka. Abin da ke cikin ikonsa shi ne gwajin jini kafin aure, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan asibitoci, galibi da irin dabarar lantarkin nan ta Pauling, kuma jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kare zuriya kuwa yana daga cikin manyan manufofin Shari'a. Saboda haka muna kira ga iyaye da waliyyai da limamai da su nemi sakamakon gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kuma su tausaya wa waɗanda aka riga aka haifa da ciwon, su kai su asibiti da wuri.